Kafin Ku Kashe VBS a Kwamfutarku: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Shawarar ta zama ruwan dare. Duk wanda ya shiga YouTube yana neman yadda kwamfutarsa za ta ƙara gudu, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da mai ce masa ya kashe VBS. Mai buga gem an ce masa haka. Ɗalibin da ke son kunna Linux a cikin Windows don darasi an ce masa haka. Mai gyaran wayar da direban filashin ya ƙi hawa masa, abokin sana'arsa na shagon gaba zai leƙo ya ce, "Oga, kashe Memory integrity kawai, zai hau." Aikin ba ya cin minti biyar, kuma bayan an gama kwamfutar ba ta nuna wata alamar ciwo. Shi ya sa ake dannawa ba a tambayi me aka cire ba.

Ba na cikin masu cewa kada a kuskura a taɓa shi. Akwai masu hujja ta gaskiya, kuma kamfanin Microsoft da kansa ya rubuta yadda ake kashewar. Sai dai yawancin masu kashewa ba sa samun gudun da aka yi musu alkawari, kuma abin da ya fi damuna shi ne, wani lokaci mai ba da shawarar shi ne ainihin wanda aka yi tsaron domin a tare shi.

Me yake yi a cikin kwamfuta?

Cikakken sunansa Virtualization-based Security, kuma a Windows 10 da Windows 11 ake samunsa. Kafin a gane shi sai an san wani sashe na can cikin Windows da ake kira kenel. Kenel ne ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM. Shi ke magana da faifan ajiya da allo da firinta da duk abin da aka jona, shi ke yanke wa kowace manhaja iyakar abin da za ta taɓa. Direbobi, waɗannan ƙananan manhajojin da ke koya wa Windows yadda zai yi hulɗa da kowace na'ura, da yawansu a cikin kenel suke aiki, da cikakken iko irin nasa. Manhajar rigakafin bairos ma ƙafarta ɗaya a can take. Shekara da shekaru matsalar guda ce: mai duba ko direba halastacce ne kafin a bar shi ya shiga, shi ma a cikin kenel ɗin yake zaune. Muguwar manhajar da ta samu ta kutsa wurin, da shi za ta fara.

Ku ɗauka gida ne da makullai duk suke aljihun maigida, mai gadi ma daga bakinsa yake karɓar umarni. Ɓarawon da ya ritsa maigidan ya gama da gidan, don shi zai sa a ce wa mai gadi ya buɗe ƙofa. Abin da VBS ya yi shi ne gina wani ɗaki da ba shi da ƙofa ta cikin gida, sai 'yar taga, aka mayar da makullan da mai tantance baƙi can ciki. Ko maigida ne sai dai ya tsaya a tagar ya nemi izini, kuma ana iya ce masa a'a.

A aikace ga yadda abin yake. Furosesoshin zamani suna da wata baiwa da aka saka musu don a riƙa kunna kwamfuta a cikin kwamfuta. Intel na kiranta VT-x, AMD kuma AMD-V, ko da yake a BIOS ɗin wasu injinan SVM za ku gani an rubuta. Idan VBS na aiki, da an kunna kwamfuta wata 'yar siririyar manhaja ce ke riga Windows tashi, ita ce haifabaiza, wadda Microsoft ya gina Hyper-V a kanta. Ita ke karɓe ragamar furosesa, ta keɓe wani yanki na RAM, ta hana Windows ɗin da kuke gani leƙa shi. A wannan yanki akwai wani ƙaramin kenel na daban wanda ba ya buɗe wasiƙa, ba ya shiga intanet, ba a ɗora masa direban firinta. Aikinsa tsaro kaɗai.

Manyan abubuwa biyu ne ke dogara da wannan keɓaɓɓen wuri. Na farko shi ne Memory integrity, wanda masana ke kira HVCI. Dokarsa mai sauƙin faɗa ce: babu wani umarni da zai yi aiki a cikin kenel sai an duba sa hannunsa a can keɓaɓɓen wurin, kuma shafin RAM ɗin da aka yarda ya yi aiki ba za a sake yin rubutu a kansa ba. Ma'ana, ko ɗan kutse ya samu hanyar yin rubutu a cikin ƙwaƙwalwar kenel, ba zai iya mayar da rubutun umarni mai aiki ba. Na biyu shi ne Credential Guard, mai ɓoye bayanan sirrin da Windows ke riƙewa bayan mutum ya shiga da kalmar sirrinsa, waɗanda manhajoji irin su Mimikatz, wadda Bafaranshe Benjamin Delpy ya rubuta, suka shahara da zaƙulowa. Wannan na biyun na ma'aikatu ne. A Windows Enterprise da Education yake, saboda haka mai kwamfutar gida da ke kan Home ba shi da shi tun asali. Idan ana maganar VBS a kwamfutar mutum ɗaya, kusan kullum Memory integrity ake nufi.

VBS ya zo ne da Windows 10 a 2015, a lokacin don kamfanoni. A sabuntawar Afrilun 2018 aka kawo wa kowa makunnin Memory integrity, ƙarƙashin shafin Core isolation. Surutun bai tashi ba sai bayan fitowar Windows 11 a ranar 5 ga Oktoba 2021, da aka fara sayar da sababbin kwamfutoci da shi a kunne.

Abin da yake tarewa

Windows mai 64-bit ba ya karɓar direban da ba shi da sa hannu. 'Yan kutse sun daɗe da samo hanyar zagaye wannan: ba sa wahalar rubuta nasu direban, sai su nemo na wani kamfani halastacce, mai sa hannu na gaske amma mai ɓaraka a cikinsa, su zo da shi a jakarsu, su ɗora shi a kwamfutar da suka shiga, su bi ta ɓarakar su kai ga kenel.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A farkon 2020 kamfanin tsaro na Sophos ya bayyana yadda masu RobbinHood, manhajar da ke kulle fayiloli a nemi kuɗin fansa, suka yi amfani da wani tsohon direban Gigabyte suka kashe dokar duba sa hannu, sannan suka shigo da nasu direban ya kakkashe rigakafin bairos. A Agustan 2022 Trend Micro ya gano wasu na amfani da mhyprot2.sys, direban hana maguɗi na gem ɗin Genshin Impact, don kashe rigakafi. Abin lura a nan, ba sai gem ɗin yana kan kwamfutar mutum ba. Su suke zuwa da fayil ɗin. A shekarar ce kuma ESET ya ba da rahoton ƙungiyar Lazarus, wadda ake dangantawa da Koriya ta Arewa, tana amfani da wani direban Dell mai ɓaraka, Sophos kuma ya kama masu wata manhajar fansar, BlackByte, da direban MSI Afterburner.

Memory integrity na rage wannan ta hanya biyu. Yana hana mataki na gaba, wato shigar da baƙon umarni cikin kenel ko da an samu ɓarakar. Sannan idan yana kunne, Windows na tilasta aiki da jerin direbobin da Microsoft ya san suna da ɓaraka ya haramta musu hawa. Tun daga bugun 22H2 na Windows 11 wannan jerin yana zuwa a kunne da nasa makunnin, a shafin Core isolation ɗin dai, kuma shawarata ko kun kashe komai kada ku taɓa wannan. Ba ya rage gudu, kuma da wuya ya hana aikin kirki.

Yanzu kuma abin da ba ya yi, don a nan masu yabonsa ke wuce gona da iri. VBS ba rigakafin bairos ba ne. Ba zai hana ku buɗe fayil ɗin da aka turo muku da sunan takardar ɗaukar aiki ba. Ba zai tsare kalmomin sirrin da kuka adana a Chrome ba, domin manhajojin da ke sace su ba sa ma buƙatar shiga kenel. Ba ruwansa da mai kiran waya yana neman lambar OTP. Kuma shi kansa ba gagara-badau ba ne: a Agustan 2024, a taron Black Hat, mai bincike Alon Leviev na SafeBreach ya nuna yadda za a yaudari Windows Update ya mayar da sassan tsaro zuwa tsofaffin bugu masu ɓaraka, har da na VBS. Amfaninsa yana zuwa ne bayan ɓarna ta riga ta fara. Shi ke bambanta muguwar manhajar da rigakafi zai iya gani ya share, da wadda ta nutse can ƙasa ta rufe wa rigakafin ido ta zauna wata da watanni. Wannan bambancin ba a ganinsa a ranar da aka kashe makunni, shi ya sa ake raina shi.

Maganar gudu

Gaskiya ne yana cin wani abu. Da zarar haifabaiza ta tashi, Windows ɗinku ya koma aiki a ƙarƙashinta, neman kowane wuri a RAM sai ya bi mataki biyu a maimakon ɗaya, ga kuma kai-komo tsakanin kenel ɗin yau da kullum da na keɓaɓɓen wuri. Tambayar ita ce nawa yake ci, kuma a wace kwamfuta.

A Oktoban 2021 mujallar PC Gamer ta ba da rahoton raguwar da ta kai kashi 28 cikin 100 a wani gem, kuma wannan adadin ne ya yi ta yawo har yau. Gwaje-gwajen Tom's Hardware sun samu matsakaicin da ke kusa da kashi 5 cikin 100. Kashi 5 na nufin gem ɗin da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa ya koma 57, abin da ido ba ya kamawa. A Oktoban 2022 Microsoft ya fitar da bayani ga masu buga gem cewa za su iya kashe Memory integrity da Virtual Machine Platform idan suna son ƙarin gudu, amma ya haɗa da cewa su mayar da su bayan sun gama wasa. Masu bidiyo rabin farko na maganar suke ɗauka. A aikin ofis kuwa, Word da Excel da kallon fim da yawo a intanet, da wuya mutum ya ji wani bambanci.

Girman asarar ya dogara ne da shekarun furosesa. Intel daga zubi na 7, wato Kaby Lake, ya saka wata dabara mai suna MBEC da ke sa furosesa da kansa ya ɗauki nauyin wannan aiki. AMD ya kawo makamanciyarta, GMET, daga Zen 2 na 2019. Furosesan da ya girmi waɗannan sai Windows ya kwaikwayi dabarar da manhaja, kuma a nan ne nauyin ke fitowa fili.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin laftof ɗin da suka cika hannun ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa na hannu ne da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin su HP EliteBook 840 G3 da ThinkPad T460, waɗanda furosesansu zubi na 6 ne. Gane zubin ba wuya. Idan sunan furosesa i5-6300U ne, lambar farko bayan ɗan layin, wato 6, ita ce zubin. I5-8350U na 8 ne. To amma ga inda labarin yake juyawa. Windows 11 ba ya kunna Memory integrity da kansa sai a sabuwar ɗorawa, a kan injin da ya cika sharuɗɗa: Intel zubi na 8 zuwa sama ko AMD Zen 2 zuwa sama, RAM aƙalla 8GB, da faifan SSD. Tsohuwar laftof da aka ɗora wa Windows 11 ta bayan fage, ko wadda har yanzu take kan Windows 10, galibi abin a kashe yake tun farko. Wato waɗanda za su fi ƙaruwa da kashewa, yawanci ba su da abin kashewa. Waɗanda nasu ke kunne kuwa, injinansu ne suka fi iya ɗaukarsa ba tare da nishi ba.

Idan tsohuwar kwamfuta na jan ƙafa, a duba wani wurin. Faifai mai juyawa a maimakon SSD, RAM 4GB, ƙurar hunturu da ta toshe fanka har furosesa na rage gudu don kada ya ƙone, ko aiki da batir a yanayin tanadin caji saboda an ɗauke wuta. Sauya faifai kaɗai ya fi kashe VBS tasiri nesa ba kusa ba.

Masu hujja ta gaskiya

Na farko su ne masu kunna kwamfuta a cikin kwamfuta. Baiwar VT-x ko AMD-V mai riƙo ɗaya take yi wa aiki. Idan haifabaizar Microsoft ta riga ta riƙe, VirtualBox ko VMware sai dai su bi ta hannunta. VirtualBox ya fara iya hakan daga bugu na 6, VMware Workstation kuma daga 15.5.5 a 2020, amma gudun na raguwa. A VirtualBox akwai alamar da ba ta ƙarya: ku dubi jerin ƙananan hotunan da ke ƙasan tagar injin, ta dama. Idan kun ga koren kunkuru mai harafin V, to ta hannun Hyper-V ake bi, shi ya sa Ubuntu ko Kali ke rarrafe. Ɗaliban sadarwa masu aiki da GNS3 ko EVE-NG, waɗanda ke buƙatar inji a cikin inji a cikin inji, sukan tarar abin ya ƙi tashi sam. Waɗannan suna da hujja. Masu kunna manhajojin Android a kwamfuta kuwa su fara sauke sabon bugu, domin BlueStacks na yanzu na iya zama da Hyper-V.

Na biyu su ne masu tsofaffin direbobi. Tsohuwar firinta, sikana, na'urar karanta kati, akwatin filashin, direbobin MediaTek da Spreadtrum da masu gyaran waya ke yawo da su a filas, da yawansu an rubuta su ne tun kafin dokar da ta hana shafi ɗaya zama na rubutu kuma na aiki. Memory integrity ba zai bar su su hau ba. Idan kuma sun riga shi zama, shi ne zai ƙi kunnuwa, ya nuna muku sunayensu a ƙarƙashin Review incompatible drivers. Sau da yawa direban na wata na'ura ce da aka jona sau ɗaya shekarun baya aka manta, wdcsam64_prewin8.sys na faifan Western Digital ya yi suna a wannan. Maganin farko shi ne neman sabon direba a shafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ko cire tsohon idan ba a amfani da shi.

Mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja ba koyaushe yake da wannan zaɓin ba, domin abincinsa na kan kayan aikin da ba a sabunta su. Ba zan ce masa ya bar sana'a ba. Abin da nake roƙonsa shi ne ya ɗauki laftof ɗin filashin a matsayin injin shago kawai. Kada ya shiga asusun banki a kanta, kada ya bar imel ɗinsa ko WhatsApp a buɗe a ciki, kada ya ajiye hotuna da lambobin kwastomomi bayan an gama aiki. Ita ce kwamfutar da aka sauke wa tsaro, kuma ita ce kullum ake ɗora wa manhajojin da ba a san wanda ya taɓa su ba. Wayar da ake jonawa kuma amanar wani ce.

Akwai kuma masu rage wa furosesa ƙarfin lantarki da ThrottleStop ko Intel XTU don rage zafi, waɗanda VBS ke hana su kaiwa ga saitin. Su ba su da yawa, kuma sun san abin da suke yi.

Idan har sai an kashe

A fara da dubawa. Ku danna madannin Windows tare da R, ku rubuta msinfo32, ku danna Enter. A shafin farko ku gangara can ƙasa, za ku ga layin Virtualization-based security. Idan an rubuta Not enabled, magana ta ƙare, ba shi ne matsalarku ba. Idan Running ne, layukan da ke ƙarƙashinsa za su nuna abin da ke aiki a kansa.

Kafin ku taɓa komai, ku nemo makullin BitLocker ɗinku. Sababbin kwamfutoci da yawa na zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya sani ba, kuma canza saitin BIOS ko na tashin kwamfuta na iya sa ta tsaya a shuɗin allo tana neman lambobi 48. Makullin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka fara shiga da shi. Idan a shago aka ɗora muku Windows da asusun wani, ku warware wannan tukuna, ku rubuta lambobin a takarda. Ba tare da su ba babu mai gyaran da zai ciro muku fayilolinku.

Daga nan a fara da mafi ƙanƙanta. Ku buɗe Windows Security, ku shiga Device security, sai Core isolation details, ku kashe Memory integrity, ku sake kunna kwamfutar. Ga matsalar direba da maganar gem, wannan ya isa. Windows zai sa alamar gargaɗi mai ruwan ɗorawa. Ku bar ta a wurin, ita za ta tuna muku. Sannan ku gwada. Ku auna gem ɗin a wuri guda da saiti guda, kafin da bayan kashewa. Idan bambancin bai kai ku gan shi ba, ku mayar.

Kashe Memory integrity ba lallai ya sauke haifabaiza ba, shi ya sa wasu ke komawa msinfo32 su tarar har yanzu Running ne, kunkurun ma yana nan. Wanda ke buƙatar ta sauka gaba ɗaya sai ya buɗe Turn Windows features on or off ya cire alama daga Hyper-V, Virtual Machine Platform, Windows Hypervisor Platform da Windows Sandbox. Idan ta ƙi, a buɗe Command Prompt da ikon admin a rubuta bcdedit /set hypervisorlaunchtype off, a sake kunnawa. Mayarwa da umarnin nan ne dai, a sa auto a wurin off. Ku rubuta wannan a wani wuri. Ku kuma sani cewa WSL 2 mai kunna Linux a cikin Windows, Windows Sandbox da Docker Desktop da ke kan WSL 2 duk za su daina aiki har sai an mayar. A Windows Pro akwai hanyar gpedit.msc, ƙarƙashin System, sai Device Guard. Akwai kuma ta Registry, wadda ba na ba wa wanda bai saba ba shawarar shiga, kuma kada ku danna fayil ɗin .reg ko .bat da wani ya turo muku ba ku karanta abin da ke ciki ba.

Kashe VT-x ko SVM daga BIOS na sauke VBS, amma yana tafiya da VirtualBox da VMware da manhajojin Android gaba ɗaya, don haka ga ɗalibi ba magani ba ne. Idan kuma kun ga makunnin ya dushe an rubuta cewa admin ne ke kula da shi, kuma kwamfutar ta wurin aiki ce, ku tsaya a nan ku je wurin masu kula da kwamfutocin ma'aikatar. Da gangan aka kulle, kuma ɓarakar da za ku buɗe ba a kanku kaɗai za ta tsaya ba.

Masu gem su lura da wani sauyi. Iskar ta fara juyawa: Vanguard, manhajar hana maguɗi ta Valorant, na buƙatar TPM 2.0 da Secure Boot a Windows 11, kuma takan hana wasu 'yan wasa shiga sai sun kunna Memory integrity. Mutum zai iya kashewa don ƙarin hoto uku, ya tarar gem ɗin ya ƙi buɗewa.

Wanda ba a saurara masa

Saura mai neman kashewa guda ɗaya, kuma a kansa ba ni da sassauci. Shi ne ɗan fayil ɗin bayani da ke zuwa tare da gem ko manhajar da aka fasa, ko manhajar maguɗi a gem, mai cewa ku kashe rigakafin Defender, ku kashe Memory integrity, ku kashe Secure Boot, ku kashe duba sa hannun direba, sannan ku danna wannan da ikon admin. Ku karanta jerin da kyau. Abin da ake nema shi ne ku shigar da umarnin mutumin da ba ku sani ba cikin kenel, ko ma ƙasa da shi, bayan kun sallami duk wanda zai iya ganin abin da yake yi. Ko da wanda ya fara fasa manhajar ba shi da mugun nufi, fayil ɗin ya bi ta hannu nawa kafin ya iso tashar Telegram ko filas ɗin da kuka samo shi? Ba ku da hanyar sani, kuma rigakafin da zai gaya muku kun kashe shi da hannunku. Abin da ya zauna a wannan zurfin, mayar da makunni daga baya ba lallai ya fitar da shi ba. Sau da yawa sai an goge faifai an sake ɗora Windows, an canza duk kalmomin sirri.

Hukuncina ke nan. Idan kwamfutarku ta zo da Memory integrity a kunne, kuma a kanta kuke shiga banki, kuke aikin ofis ko makaranta, ku bar shi. Idan wani aiki takamaimai ya ƙi yiwuwa, ku kashe abu ɗaya da ya tare shi, ku yi aikin, ku mayar a ranar. Idan kuwa manhajar da aka fasa ce ta gindaya muku wannan sharaɗi, ita za ku goge, ba tsaron ba.